Shekara shida ina Gold: in sauya sheƙa ko in ƙara haƙuri?

Assalamu alaikum. Aikina na yawan tafiya ne, ina zagaya rassan kamfaninmu ina duba na'urori, kuma a shekara nakan yi kwana 52 ko kusa da haka a otal. Shekara shida ke nan ina cikin Marriott Bonvoy, tsarin ba da maki da matsayi na otal-otal ɗin Marriott, kullum a matsayin Gold nake tsayawa. Bara kwana 34 aka ƙirga mini, alhali sai an yi 50 ake samun Platinum. Da na bi diddigi sai na ga kwana 10 ofishinmu ne ya kama mini ɗaki ta shafin dillalai a intanet, shi ya sa ba su shiga lissafi ba, sauran 8 kuma na yi su ne a garuruwan da babu otal ɗinsu. Jimillar kwanakina tun da na shiga 210 ne, ina kuma da maki 190,000 a ajiye. Yanzu muna ƙarshen Satumba, bana an ƙirga mini 24. Wani abokin aikina ya dame ni in koma Hyatt, wai can ake mutunta mutum, wani kuma ya ce Hilton. Har na fara tunanin in riƙa ƙara kwana ɗaya ko biyu da kuɗina a ƙarshen kowace tafiya don in cika adadin. Da na faɗa wa maiɗakina sai ranta ya ɓaci. Ta ce shekara biyu tana jiran hutun da na yi musu alkawari ita da yaranmu biyu da makin nan, yanzu kuma ina neman ƙara kwana a waje saboda kati. Don Allah a ba ni shawara: in sauya, ko in zauna?

Daga Mai yawan tafiya

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka ji kunyar cewa wannan abu ya dame ka. Mutumin da yake kwana 52 a shekara a gadon da ba nasa ba, mako bakwai da 'yan kai ke nan, yana da haƙƙin ya so a sauƙaƙa masa. Ka iso otal ƙarfe sha ɗaya na dare da jaka a kafaɗa, washegari aiki zai kai ka har la'asar amma an ce ka fitar da kayanka ƙarfe sha biyu, ka jibge su a gefen teburin karɓar baƙi, ka koma aiki ba wurin da za ka watsa ruwa kafin ka kama hanya. Wanda ya sha wannan ya san darajar a bar masa ɗaki har ƙarfe huɗu. To amma lambobin da ka rubuto da hannunka sun nuna cewa inda kwanakinka suke zubewa daban, inda kake neman toshewa daban.

Mu fara da kwana goman nan. Dokar kusan ɗaya ce a duk manyan kamfanonin otal: ɗakin da aka kama ta shafin dillalai irin su Booking.com ko Expedia ba ya kawo maki, ba ya shiga lissafin kwana, kuma ba dole ba ne otal ya yi maka alfarmar matsayinka ko da ka nuna lambarka a tebur. Otal yana biyan dillali la'ada a kan kowane ɗaki, tsarin makin kuwa an ƙirƙiro shi ne don a janye ka daga hannun dillalin. Saboda haka ko Hilton ka koma ko Hyatt, muddin ofishinku bai canza hanyar kama ɗaki ba, kwana goman nan za su ci gaba da salwanta. Waɗanda suka wuce sun wuce, ƙorafi ba zai dawo da su ba. Wanda ake iya nema a mayar shi ne kwanan da aka kama kai tsaye amma aka manta saka lambarka. Wannan sai ka tura rasit ɗin da aka ba ka ranar fita, kuma ka yi da wuri, domin akwai wa'adi.

Yanzu ɗauki biro. Kwana 34 da ake ƙirga maka, ka haɗa da 10 idan an gyara hanyar kama ɗaki, 44 ke nan. Kwanan da aka biya da maki ma yana shiga lissafin matsayi, kuma mutane da yawa ba su san haka ba. Marriott tana da tsarin da idan ka kama kwana biyar a jere da maki a otal ɗaya, kuɗin huɗu za a cire, ɗaya kyauta ne. Makinka 190,000 idan ka raba huɗu, kana iya biyan ɗakin da ya kai maki 47,500 a kwana. Hutun da ka yi wa iyalinka alkawari ke nan, kuma ya kai ka 49. Saura ɗaya. Ka ƙara wa hutun kwana na shida da kuɗinka, kana tare da ita da yara, ka cika 50. Ka ga abin da ya haɗa ku saɓani da maiɗakinka shi ne ma cikon lissafin. Sai dai ka kula da abu biyu. Idan kun kama ɗaki biyu, ɗaya kawai za a ƙirga maka a kowane dare, don haka ka tabbatar tun wajen kamawa cewa ɗakin yana ɗaukar manya biyu da yara biyu. Sannan tun 2022 Marriott ta daina amfani da tsayayyen jadawalin maki, farashin yana hawa yana sauka da buƙatar jama'a, wanda ya kama da wuri ya fi samun sauƙi.

Duk wannan ya rataya ne a kan ofishinku, su ma kuma suna da nasu dalilin. Mai kama ɗakin ba ya yi don ya cuce ka ba ne. Shafi ɗaya yake buɗewa, takardar biya ɗaya yake miƙa wa sashen kuɗi, wani lokacin kuma farashin ya fi sauƙi. Idan ka je masa da maganar kati da maki, zai ɗauka son kai ne. Ka je da takarda: tafiye-tafiye uku na baya, a gefe ɗaya abin da aka biya ta dillali, a ɗaya gefen farashin mambobi na otal ɗin a shafinsa, wanda yawanci yakan yi ƙasa kaɗan da na kowa da kowa. Ka ƙara da sharuɗɗan soke ɗaki, domin aikin duba na'ura yakan ɗaga ba zato, kuma ɗakin da aka biya tun farko ta dillali sau da yawa kuɗinsa ba ya dawowa. Idan kamfaninku yana kwana da yawa a otal guda, manajan otal ɗin zai iya yi muku farashi na musamman, irin wannan farashin kuwa galibi yana shiga lissafi. Idan kuma wakilin tafiye-tafiye na kamfani ne yake kamawa, ka tambaya ko za a saka lambarka a bayananka na dindindin, a kuma biya a otal da sunanka. Ɗakunan da aka haɗa a takardar biya guda ta ayari, kamar lokacin taro, su ne sukan ba da matsala. Iyakar da ba zan so ka tsallaka ba ita ce ka zaɓi otal mai tsada ko mai nisa da wurin aiki da kuɗin kamfani saboda kwana ya shiga asusunka. Amana ce, kuma ranar da aka gano, za a ɗaure wa kowa hannu.

Batun abokan aikinka kuma, kowannensu ya faɗi gaskiyar da ta dace da shi. Matsayin Globalist na Hyatt yana daga cikin mafi kyau a wannan harka: karin kumallo kyauta har ga manya biyu da yara biyu, fita ƙarfe huɗu, ɗaga mutum zuwa babban ɗaki idan akwai. Amma kwana 60 yake so. Kai da 44 za ka tsaya a Explorist, mai kwana 30, wanda babu karin kumallo a cikinsa. An gudu ba a tsira ba ke nan. Wataƙila abokin naka ya samu ne ta gwajin da Hyatt ta sha bai wa ma'aikatan wasu kamfanoni, inda kwana 20 cikin wata uku suke kai mutum Globalist, amma shekarar sabuntawa 60 ɗin nan tana nan tana jira. Ga kuma taswira: Marriott tana da otal fiye da 9,000, Hilton fiye da 8,000, IHG fiye da 6,000, Hyatt kuwa ba ta kai 2,000 ba. Mutumin da tuni yake asarar kwana 8 saboda rashin otal a wasu garuruwa, idan ya koma kamfanin da ya fi ƙaranci, asarar ƙaruwa za ta yi.

Kada sunaye su ruɗe ka. Platinum na IHG kwana 40 ne, ka isa ka samu cikin sauƙi, amma karin kumallo sai a Diamond, kwana 70. Gold na Marriott, wanda kake riƙe da shi, ƙarin maki ne kashi 25 cikin 100 da fita ƙarfe biyu idan da hali, babu karin kumallo, babu zauren manyan baƙi. Gold na Hilton kuwa yana ba da karin kumallo ga kai da mutum ɗaya a otal-otal ɗin da ke wajen Amurka, a cikin Amurka kuma wani ɗan kuɗin abinci ake ba da shi kullum a maimakonsa. Daga Janairun 2026 Hilton ta sauke Gold daga kwana 40 zuwa 25, Diamond kuma daga 60 zuwa 50. Ana ma iya samun Gold ɗin da sauka 15, wato zuwa goma sha biyar daban-daban ko da kowanne kwana ɗaya ne, abin da yake taimakon mai gajerun tafiye-tafiye. Fita daga otal da safe a dawo da yamma ba ya zama sauka biyu, ɗaya ake ƙirgawa. A cikin shawarwarin biyu da aka ba ka, ta Hilton ce ta yi daidai da girman tafiyarka. Sai dai Hilton ba ta yi wa Gold alkawarin fita ƙarfe huɗu ba, roƙo ne, a ba ka ko a hana. Platinum na Marriott shi ne yake da wannan a rubuce, ban da otal-otal na shaƙatawa da na manyan taruka inda ya danganta da samuwar ɗaki.

Shi ya sa nake so ka tambayi kanka me kake nema takamaimai. Idan kamfani ne yake biyan abincin safiyarka, ko kuma farashin da ake kama muku ya haɗa da shi, to karin kumallon kyauta ba zai amfane ka ba sai a kwana biyar ko shidan da kake tare da iyali. Idan jinkirin fita da wurin zama mai natsuwa ne damuwarka, Platinum ya cancanci a bi shi. Ɗaga mutum zuwa babban ɗaki kuwa, kada ka gina komai a kansa. A duk tsarin sharaɗin shi ne idan akwai, kuma a otal ɗin 'yan aiki daren Talata, masu matsayi irin naka sun cika layin.

Ƙara kwana da kuɗinka don cike 16 ɗin da ke tsakanin 34 da 50, wannan ka bar shi. A ce karin kumallo ya kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin ɗaki. Kwana 16 sun zama kuɗin karin kumallo 160, kai kuwa duk shekara ba za ka ci fiye da 50 ba. Kuma ba a biya daga nesa a ce an kwana; wanda bai je ya karɓi makulli ba, ba a ƙirga masa. Sayen kwana yana da ma'ana ne kawai idan Disamba ta zo, ɗaya ko biyu suka rage.

Maiɗakinka ba da maki take faɗa ba. Daren nan 52 da kake ƙirgawa a manhaja, ita ma tana ƙirga su a gida, ita kaɗai da yara biyu, kuma babu matsayin da ake ba ta a ƙarshen shekara. Makin nan shi ne kawai abin da yake dawowa gida daga tafiyar, ka kuma riƙe shi shekara biyu. Da ta ji kana shirin ƙara kwana, abin da ta ji shi ne alkawarin ya ƙara nisa. Akwai wani abu ɗaya da zan roƙe ka ka faɗa mata a fili, kada ka ɓoye. Lissafin kwana daga 1 ga Janairu yake farawa ya ƙare 31 ga Disamba. Bana kana da 24, ba za ka kai 50 ba ko da kun tafi hutun, don haka idan kuka yi shi a Disamba kwana shidan sun faɗa shekarar da ba su da amfani. Idan kuka yi shi bayan sabuwar shekara, sun shiga lissafin da kake so. Ka nuna mata wannan, ka ce mata zaɓin nata ne. Idan ta yarda a ɗaga zuwa hutun yara na farko a shekara mai zuwa, ku zauna tare ku zaɓi rana, ka kama ɗakin a gabanta, ka tura mata saƙon tabbatarwa a wayarta. Idan ta ce ita dai bana take so, ku tafi bana. Shekara biyu ta isa jira, kuma Marriott ta sha yin garaɓasa a farkon shekara inda ake ƙirga kowane kwanan da aka biya da kuɗi a matsayin biyu ga wanda ya yi rajista kafin ya sauka. Idan aka sake yin irinta, za ta iya cike maka gurbin.

To idan ofishi ya ƙi fa? A nan amsar takan juya. Da 34 da hutun iyali, 40 za ka tsaya, kuma kowace shekara haka za a yi ta yi. A wannan hali sauya sheƙa ya halatta, kuma lokacin ya yi maka kyau. Kwana ɗaya ya rage maka ka cika 25 na bana, tafiyarka ta gaba za ta kawo shi, daga nan Gold ɗinka na Marriott ya tsaya har ƙarshen shekara mai zuwa da watan Fabrairun da ke biye. Kana da shekara guda cur da za ka gwada wani wuri ba tare da ka rasa abin da ke hannunka ba. Kafin komai, ka jera garuruwan da ka je cikin shekara biyu da adadin kwanan kowanne, ka buɗe taswirar Hilton ka duba su ɗaya bayan ɗaya: akwai otal, nisansa da wurin aiki, farashinsa yana cikin abin da kamfani ya yarda? Idan hanyarka ta fi bi ta Turai, Afirka ko Gabas ta Tsakiya, ka duba Accor ma, masu Novotel da Ibis da Sofitel, suna da yawa a can. Idan kwanakin da za ka iya mayarwa ba su kai 25 ba, magana ta ƙare, ka zauna inda kake.

Idan sun kai, buɗe asusu kyauta ne. Ka rubuta sunanka daidai yadda yake a fasfo da kuma tsohon asusunka, domin bambancin harafi ɗaya yakan sa a ƙi buƙata. Sai ka nemi a daidaita maka matsayi: ka tura hoton shafin asusunka na Marriott mai nuna suna da matsayi, da shaidar cewa ka kwana a otal ɗinsu ba da jimawa ba. Yawanci za a ba ka matsayin na gwaji na kwana 90, da sharaɗin ka yi wasu adadin kwanaki a ciki kafin a tabbatar maka. Adadin yana canzawa, ka karanta shi a ranar da za ka nema. Kuskuren da aka fi yi shi ne gaggawa. Agogon yana fara bugawa ne daga ranar da aka amince, kuma damar ba kullum ake maimaita ta ba, wani kamfanin sai bayan shekaru. Wanda ya nema a watan da ba shi da tafiya ya ƙona damarsa. Ka jira har jadawalin aikinka ya nuna wata ukun da suka fi cunkoso, ka nema mako guda kafin tafiyar farko, kuma ka ɗauka cewa kwanan da aka biya da kuɗi aka kama kai tsaye ne kawai zai shiga.

Tsohon asusun kada ka rufe shi. Maki ba ya ƙaura daga kamfanin otal zuwa wani kai tsaye, hanyoyin zagaye kuma suna cinye mafi yawansa, gara ku ci shi a hutu. Abin da ya rage yana mutuwa ne idan aka yi wata 24 babu motsi, kwana ɗaya ko sayen ɗan maki kaɗan ya isa ya raya shi. Kwana 210 ɗinka ma ba sa gogewa. Matsayin har abada a Marriott yana so ne a yi kwana 250 da shekara biyar don Silver, 400 da shekara bakwai don Gold, 600 da shekara goma a Platinum ko sama don Platinum. Na san yana da wuya mutum ya juya wa 210 baya, amma 190 da suka rage kafin Gold na har abada shekara huɗu zuwa shida ne a tafiyarka, kuma abin da za ka samu shi ne dai Gold ɗin da yanzu kake kukan bai ishe ka ba. Ba zan riƙe ka a wurin saboda shi ba. Raba ƙafa kuma, rabi nan rabi can, taura biyu ce: ko da 44 ka samu, 22 a kowane gefe ba ta kai ka Gold ko ɗaya ba. Idan dole ne a raba, ka cika 25 a wuri ɗaya tukuna, ragowar ya tafi inda ya fi sauƙi.

Watanni ukun da suka rage na bana ka mai da su na gwaji. Ka yi magana da ofishi a makon nan, ka roƙi a kama maka tafiya ɗaya ta sabuwar hanya. Ranar shiga ka ce wa mai tebur ya duba ko lambarka tana jikin ɗakin, ranar fita ka karɓi rasit mai sunanka, bayan kwana uku zuwa biyar ka buɗe manhaja. Idan 24 ta koma 26 ko 27, hanyar ta yi, sai ka kai wa mai kama ɗakin hoton shafin ka ce a ci gaba da haka. Idan ba ta motsa ba, kana da har Disamba ka gano inda aka samu tangarɗa, ka kuma fara jera garuruwanka a taswirar Hilton. Allah Ya kiyaye hanya, a gaishe da maiɗaki da yara.